Na Waje ko na Gida: Waƙar da Za Ta Raka Ki Addu'ar Asuba

Salama, 'yar'uwa. Kin ce waƙoƙin da ke wayarki kin ji su har kin haddace, kina neman sababbi don lokacin addu'arki ke kaɗai, amma kin rasa ko ki bi na ƙasashen waje da matasa ke yayi, ko ki tsaya a na gida. Na daɗe ina sauraron duka biyun, bari in jera miki su.

Na wajen da aka fi ji a cocinmu kusan daga gidaje huɗu suke fitowa: Hillsong na birnin Sidni a Ostireliya, sai uku a Amurka, wato Bethel a Kalifoniya, Elevation a Shalot, da Maverick City da aka kafa a Atlanta a 2018. Yawanci a tsakiyar taro ake ɗaukar waƙoƙinsu, kuma tafiyarsu iri ɗaya ce. A fara da piyano a hankali, murya ta riƙa hawa, ganguna su shigo, a kama layi ɗaya a yi ta nanatawa, sannan a sauko. Waƙa ɗaya takan kai minti takwas ko goma. Wannan tsawon yana da amfani, domin zuciyar da ta tashi da tunanin kuɗin makaranta da cefane tana samun lokacin kwanciya kafin a buɗe Littafi Mai Tsarki.

Sai dai don taro aka tsara su, kuma don masu muryar da ke hawa sama. Da ƙarfe biyar na asuba, yara na barci a gefe, ba za ki iya bin mawaƙin zuwa inda ya kai ba. Sai ki wayi gari kina sauraron sujadar wasu, ke kuwa bakinki a rufe. Ga kuma Turancinsu mai zurfi, da misalai na teku da igiyar ruwa, alhali da yawanmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya wuce Binuwai ba.

A cikin na wajen akwai waɗanda suka fita daban, kuma su nake fara nuna wa mutum: CityAlight, daga wata ikkilisiyar Angilikan a Sidni, da Keith da Kristyn Getty 'yan Ayalan ta Arewa. Baiti-baiti suke rubutu, kowane baiti da koyarwarsa, muryar kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba. Wanda ya tashi da Littafin Waƙoƙi a ECWA ko COCIN ko EYN zai ji kamar ya dawo gida.

Na gida kuma kashi biyu ne. Akwai na kudu, irin su Nathaniel Bassey mai busa ƙaho, da Dunsin Oyekan, da Sinach. Kada ki ɗauka a bayan Turawa suke. Way Maker da Sinach ta fitar a ƙarshen 2015, Turawan ne suka ɗauka suka sake rerawa, har ta ci kyautar Dove ta waƙar shekara a Amurka a 2020. Shi kuma Bassey tun 2017 yake tara jama'a da tsakar dare ta intanet, kowa daga ɗakinsa, a shirin da ya kira Hallelujah Challenge. Idan ya zagayo, wuri ne mai kyau na tsintar sababbin waƙoƙi, in dai za ki iya hana ido barci.

Sai namu na arewa: Baba Panam Percy Paul a Jos, wanda da yawa suka taso a inuwarsa, da Solomon Lange, da Jeremiah Gyang, da na baya-bayan nan irin su Kaestrings. A nan ne zuciyata ta fi karkata, ba na ɓoyewa. Idan mawaƙi ya ce alheri, ko jinƙai, ko Mai Ceto, kalmar ba ta tsayawa a kai a fassara ta, kai tsaye take wucewa ciki. Da harshen da kika yi kuka a jana'izar mahaifi, da shi kika yi godiya ranar haihuwa, to da shi addu'a ta fi saurin fita. Manzo Bulus ma ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da fahimta (1 Korintiyawa 14:15).

Amma mu faɗi gaskiya, rabin waƙoƙinmu na rawa ne. Sun dace da ranar godiya, da biki, da lokacin baiko, ba da durƙuso ba. Wasu kuma daga farko har ƙarshe zancen maƙiya ne da yadda za su ji kunya, sunan Yesu sai a amshi. Irin waɗannan ba na kai su ɗakin addu'a.

Wajen nema ma akwai bambanci. Na waje su ke nemanki: ki saurari ɗaya a YouTube ko Spotify, gobe an jero miki goma, da kalmominsu a rubuce. Na Hausa sai kin tashi tsaye. Ki duba Audiomack da Boomplay, ki rubuta "wakokin yabo" ba tare da ƙugiyar ƙ ba, domin haka masu ɗorawa suke rubutawa. Mafi daɗinsu ma ba su hau intanet ba tukuna, suna bakin 'yan kwaya, da 'yan Sabon Rai, da Zumuntar Mata. Ki tare shugabar waƙa ta zumunta bayan sujada ki roƙe ta ta rera miki a waya, ba za ta ƙi ba. Sauti kawai za ki riƙa saukewa, bidiyo cin data gare shi.

Ni ga yadda nake tantancewa. Idan na ji sabuwar waƙa kwana uku, sai in kashe wayar in gwada rera ta da bakina, ƙasa-ƙasa. Wadda ta tsaya da ƙafarta ba kiɗa ba taro, ta shiga. Na Getty da CityAlight sukan wuce, na Hausa masu sanyi sukan wuce, manyan waƙoƙin taro kuwa da yawa a nan suke faɗuwa, sai in bar su don hanyar zuwa aiki. Da asuba nakan sa ta waje guda ɗaya in natsu, in karanta Zabura, sannan in rufe da ta Hausa da bakina. Ki fara da sabuwa ɗaya a mako biyu, kada ki cika wayar a dare ɗaya.