Shagon Baba mai keke a Sabon Gari, da yadda muka tada wani tsohon keke mai giya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake ta lissafin kuɗin adaidaita sahu, kullum daga Rijiyar Zaki zuwa wajen aiki a Fagge a nan Kano a kuma dawo, sai naga abin da yake fita a wata ya fara gogayya da kuɗin cefane. Mashin kuma shima mai yake sha, ba ruwa ba. Ana cikin haka wata rana da yamma wani ɗan jari bola ya shigo layinmu da baro, a saman tarkacen akwai wani tsohon keke mai giya irin na hawan dutse ɗin nan, babu sarƙa, taya duk ta tsattsage, sirdin kamar ɓera ya yi wata yana ci. Yace kilo zai kai shi. Na goge ƙurar jikin firem ɗin da hannu sai ga rubutun Trek ya fito rabi da rabi, kamfanin Amurka ne, kuma da ganin ƙirar kasan na wajajen shekarun 1990 ne, taya inci 26, giya uku a gaba bakwai a baya. Muka yi ciniki ya sallama a 15,000. Uwargida da ta leƙo ta gani tace Allah ya sa dai ba kaza za ka ɗaure a jiki ba.

Mai facin bakin layinmu na fara kai wa. Mutumin kirki ne kuma bai ɓoye min ba, yace shi Phoenix da Hero da tsohon Raleigh ya sani, mai giya in ya kwance ba lallai ya iya mayarwa ba. Shi ne ya kwatanta min wani dattijo a Sabon Gari da kowa yake ce wa Baba, yace in dai kayan keken Beljiyam ne to can zan dosa.

Shagon ba abin kallo bane. Ƙunci gare shi, gaba an rataye sababbin kaya masu sheƙi a leda, su ƙararrawa da fitila da madubi da sirdi kala-kala, wannan ɓangaren yaran shagon ne suke riƙe da shi. Amma in ka kutsa ciki, bayan wani labulen buhu, nan dukiyar take. Buhuna da bokitan fenti cike da tsofaffin giya da birki da hob, wato cibiyar taya, da hannun feda, duk an ciro su daga kekunan da suka shigo ta kwantena suka kasa saiduwa, baƙi ƙirin da tsohon giris, in baka sani ba ka rantse bola ce. Baba yana zaune a tsakiyarsu kan benci da tabarau a ƙasan hanci. Na gaishe shi, nace Baba ga mara lafiya na kawo, ya ɗago keken da hannu ɗaya ya jijjiga, ya ciro wani guntun maganaɗisu daga aljihu ya manna a firem ya kama ɗam. Yace ƙarfe ne ba alminiyom ba, ka yi sa'a yaro, wannan ko ya tsage mai walda zai kama shi. Ya bi duk mahaɗar ƙarfen da ɗan yatsa, musamman ƙarƙashin wuya da wajen da feda take, ya tsaya daga baya ya rufe ido ɗaya ya duba ko ya karkace. Sai da ya gama duk wannan kafin ya yi maganar kuɗi, kuma a nan na fara yarda da shi.

Tsarin da ya ba ni shi ne ya cece ni. Yace duk abin da yake cinyewa da tafiya, wato sarƙa, wayar birki da ta giya da rigarsu, robar birki, boris, tiyub, wannan sabo za mu saka. Abin da kuma ba ya cinyewa da wuri irin giyar baya, hannun birki, ƙarfen sirdi, hob, to tsohon na asali ya fi sabon da ke rataye a gaban shagonsa. Mai shago ne fa yake kushe kayan da ke rataye a shagonsa. Na tambaye shi to me ya sa yake sayarwa, yace masu saya ne suke son sheƙi.

Ranar farko ƙarfen sirdi ne ya cinye ta gaba ɗaya. Na alminiyom ne a cikin firem na ƙarfe, shekara da shekaru babu giris ga ruwan sama, sun haɗe kamar an yi musu walda. Wani yaro ya ɗauko guduma zai buga shi ciki Baba ya daka masa tsawa, yace in ya nutse ciki wa zai ciro? Aka juya keken ƙafa sama aka ɗura mai ta ƙasa aka jingine shi kwana uku, ranar ta huɗu aka matse ƙarfen a bais, wato abin matse ƙarfe na kan benci, mutum biyu suka riƙa murɗa firem ɗin gaba ɗaya, sai da ya yi wata ƙara kamar an karya rake sannan ya saki. Ni dai gabana faɗuwa yake tayi.

Hob ɗin kuwa da kaina na zauna aka koya min. Ana kwancewa boris suka zubo duk sun yi tsatsa wasu sun fashe. Na baya guda 9 ne kowane gefe masu girman kwata na inci, na gaba guda 10 kowane gefe kuma sun fi ƙanƙanta, kar ka yarda a haɗa maka su wai duk boris ne. An wanke kofin da boris ɗin suke zama a ciki da kananzir, Baba ya haska da tocilan ɗin waya ya duba ko ya yi rami, bai yi ba, aka cika giris aka jera sababbi. Ɗaurewar ita ce fasahar, in ka matse da yawa taya ba za ta juya sosai ba, in ka sassauta kuma ta riƙa lilo. Sau huɗu yana sa ni sakewa. Kuma a nan na san fedar hagu baibai ake kwance ta, zaren nata a juye yake, da a gida ne da na lalata ta ina ta zufa ina zagin tsatsa.

To yanzu inda aka ɓata min rai. Ranar da na koma sayen haƙoran baya da giyar baya Baba ya tafi jana'iza, babban yaron shagon ne yake nan. Ya ɗauko min firiwil mai bakwai sabo dal a kwali, da giyar baya mai sheƙi an rubuta wani suna da in baka kula ba sai ka karanta shi Shimano, sanannen kamfanin kayan keke, harafi ɗaya ne ya bambanta. Yace yallaɓai wannan orijinal ne daga Japan. Na biya na tafi gida da murna, da daddare na zo sakawa abu ya ƙi shiga. Ashe iri biyu ne, firiwil murɗa shi ake a kan zaren da ke jikin hob kamar murfin kwalba, kaset kuma zura shi ake a kan wasu layuka sannan a kulle da zobe, kuma hob ɗina na kaset ne. Yaron ya sani ko bai sani ba Allah masani, amma tayar tana jingine a shagonsu kwana biyar, kallo ɗaya ya isa. Giyar kuma da na saka ta don gwaji, da ɗan yatsa kake lanƙwasa ƙarfen, sifirin ɗin babu ƙarfi, ka danna giya ta uku ta faɗa ta biyar. Araha ba ta ado, kuma abin haushin ma ba araha na saya ba.

Washegari na mayar, yaron ya fara cewa ai an buɗe leda ba a karɓa. Baba bai ce masa komai ba a gabana, ya dai miƙa hannu ya karɓi kayan ya ajiye, ya shiga bayan labule ya yi kusan minti ashirin yana tona bokiti, ya fito da wata tsohuwar giyar baya Shimano Alivio duk ta dafe. Aka jiƙa ta a kananzir aka goge da tsohon buroshin haƙori, aka sa wa ƙananan tayoyinta mai, wallahi sai ga ta tana aiki tsaf, ƙas ƙas kowace giya a wurinta. Ya samo kaset mai bakwai na hannu wanda haƙoransa basu yi tsini ba, ya cike min ragowar kuɗina har da cewa ka yi haƙuri yaro. Wannan ya wanke shagon a wajena, amma da ban dawo na same shi ba fa shikenan an sha da ni.

Sarƙa sabuwa muka saka, kuma ta keke mai giya 6 da 7 da 8 a baya duk faɗinsu ɗaya don haka ba ta wahalar samu. Ya nuna min yadda zan riƙa aunawa da rula, gaɓa 12 cikakku inci 12 ne daidai a sabuwa, in ta fara wuce haka da ɗan kaɗan a canza ta tun kafin ta cinye haƙoran, don in ka bari ta miƙe sosai sabuwar da za ka saka sai ta riƙa tsallake a kan tsohon kaset duk lokacin da ka taka da ƙarfi.

Na so in canza birkin zuwa irin na V ɗin nan da ake gani a kekunan yanzu, don nawa tsohon yayi ne mai waya a tsakiya kamar rataya. Baba yace ba a nan kaɗai kuɗin zai tsaya ba, hannun birkin V ya fi jan waya da tsawo, in ka haɗa shi da tsohon hannu birkin zai yi laushi, hannun ya taɓo kan keken bai gama kamawa ba, kuma nawa hannun a haɗe yake da madannin giya, kaga sai an canza duka. Muka bar shi, roba da waya kawai aka sabunta aka saita, kuma yana kamawa har tayar baya ta ja ƙasa. Haka ma fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, mai shok da yaran suka dage in saka wai ya fi kyau a ido, ɗaga shi nayi naji nauyi kamar turmi, kuma irin mai arahar nan wata biyu ya fara ƙwaƙwas-ƙwaƙwas. Fok ɗina na asali mara shok na bari.

Taya kuma a kula, ba duk 26 bace 26. Akwai 26 x 1 3/8 ta kekunan mata na da, ba ta hawa rim ɗin keken dutse ko kusa. Ka duba jikin tayar ka ga lamba 559, ita ce taka. Na sa 26 x 1.95 mara manyan ƙuraje tunda yawancin tafiyata kwalta ce, tiyub kuma mai bawul irin na mota don duk mai facin da ka tsaya wajensa zai iya ba ka iska. Baba ya yanka tsohon tiyub ya shimfiɗa a cikin tayar saboda tsidau, wanda ya taɓa bin hanyar gona bayan damina ya san abin da nake nufi.

Abin da ban so ba bayan maganar yaron, na farko lokaci. An ce min sati ɗaya, sai da muka yi sati uku, kullum gobe in sha Allahu. Babu rasit babu farashi a rubuce, abu ɗaya yaro ya faɗa maka kuɗi daban Baba ya faɗi daban. Basu da abin zare hannun feda, da guduma da guntun ƙarfe suke fitar da shi, ina kallo ina cije leɓe, an dai yi sa'a bai lalace ba. Sannan baƙin mai na inji da suke kwarara wa sarƙa, wannan ko Baba ban yarda da shi ba, a ƙurar hunturun Kano kwana biyu ya zama kamar kwaɓin siminti yana cin sarƙar. Da na koma gida na wanke ta na ɗiga man keken ɗinki kaɗan na goge da tsumma. Wurin zama ma babu, in za ka jira sai dai a kan bokiti.

Duka-duka da kuɗin keken da kaya da ladan aiki na kashe wajen 58,000, taya biyu ne suka fi cin kuɗin, amma kar wani ya riƙe wannan lissafin ya je yana faɗa da mutane, farashi a kasuwar nan safe daban yamma daban. Fenti ban yi ba, samfefa na sa na kankare inda ya yi tsatsa na shafa ɗan baƙin fenti a wurin, kuma hakan ya fi min, ɓarawo ba ya waiwayar keke mai kama da na almajiri.

Wata huɗu kenan ina hawa. Na gwada shi a hawan Goron Dutse a giya mafi sauƙi ina zaune ban miƙe ba, gadar sama ta Ƙofar Nassarawa kuwa ko a jikina. Faci sau ɗaya nayi, shima ƙusa ce. Sifok biyu sun sassauta a tayar baya a watan farko na mayar ya ɗaure ya daidaita rim ɗin bai karɓi ko sisi ba. Wanda zai je ya je da safe kafin azahar lokacin Baba yana nan, ya tafi da keken ko tsohon abin da yake son canzawa a hannu, ya wuce kayan ledan nan na gaba kai tsaye ya ce bokitin ciki yake so a duba masa. Sirdi ne har yanzu ban dace ba, na ukun kenan ina gwadawa duk suna ƙona ni in na wuce rabin awa, Baba yace akwai buhun da bai kwance ba tukuna, ranar Asabar zan koma mu zazzage shi.