Tsara tafiyar aiki ko bin sawunsa: wanne ya fi dacewa da kamfanin kwangila?

Injiniya, barka da war haka. Na ga tambayar da ka ajiye mana jiya da daddare. Ka ce a kamfanin gine-ginen da kake wa aiki a Ibeju-Lekki masu kawo kaya sun gaji da jiran kuɗinsu, kuma manyanku sun rabu biyu. Wasu na son a ɗauko masu tsara tafiyar aiki, abin da ake taƙaitawa da BPM. Wasu kuma sun ce a sayi manhajar bin sawun aiki, wadda Turawa suka ba sunan process mining, wato kamar haƙar ma'adini, domin daga cikin bayanan kwamfuta take haƙo yadda aiki ya gudana. Ka ce wanne ya fi?

Na farkon daga bakin mutane yake farawa. A tara mai sito, akanta, mai ƙiyasin kuɗin gini da manajan aiki, a tambaye su: idan ana son rodi, wa ke cika fom, wa ke sa hannu, wa ke biya? Sai a zana hanyar, a duba inda take da kwana-kwana, a gyara, a ɗora wa kowa alhakinsa, a riƙa bibiya. Zanen ma yana da ƙa'idarsa, wato BPMN, wadda ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta fitar da bugunta na 2.0 a 2011, hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO kuma ta karɓe ta a 2013. Ƙarfin wannan hanya shi ne tana samar da mai alhaki, kuma ko babu kwamfuta za a iya farawa da allo da alƙalami. Rauninta kuwa, mutum yakan faɗi yadda ya kamata a yi, ba yadda yake yi ba. Ba wai ƙarya yake ba, haka ya ɗauka a ransa.

Na biyun ba ya tambayar kowa. Abu uku yake nema a kowane layi na bayanai: lambar takarda, abin da aka yi mata, da lokacin da aka yi. Daga nan manhaja za ta zano hanyar da takardu suka bi da gaske, ta gwada ta da wadda aka tsara, ta nuna teburin da suke kwana a kai. Farfesa Wil van der Aalst, ɗan ƙasar Holan, shi ne jagoran fannin tun yana jami'ar Eindhoven, kafin ya koma Aachen ta Jamus a 2018. Kamfanin Celonis da aka kafa a Jamus a 2011 ya mai da abin babbar kasuwa, babban kamfanin manhaja SAP ya sayi Signavio a 2021, Microsoft kuma ya sayi Minit a 2022, duka biyun da aka saya kamfanoni ne masu irin wannan manhaja. Ka ga ba ƙaramin abu ba ne, kuma gani ya kori ji.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Wannan fasaha ta fi jin daɗin banki ko kamfanin waya, inda ake maimaita abu guda dubban sau a rana. Ku kuwa aikinku kwangila ce. Bene a Ikoyi daban, magudanar ruwa a Agege daban, kowanne da mai shi, da ƙasarsa, da ƙananan 'yan kwangilarsa, kuma ana gamawa tawagar ta watse. Idan ka zuba ayyukan gaba ɗaya cikin manhaja, zanen da zai fito sai ka ce taliya ce ta cukurkuɗe, su kansu masana fannin da taliya suke kwatanta shi. Inda za ta yi muku amfani shi ne abubuwan da ke maimaituwa a cikin kowace kwangila: sayen kaya, biyan ƙananan 'yan kwangila, takardar neman biya kashi-kashi, da amincewa da canjin aiki idan mai gini ya sauya ra'ayi. Ko a nan ma akwai ƙulli. Odar siminti ɗaya za a raba ta wuraren gini uku, a kawo ta a tirela biyar, a biya sau biyu. Wace lamba za a bi, ta oda, ta mota ko ta rasit? Sai kun zauna kun yanke wannan da kanku, manhaja ba za ta yanke muku ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona a wani kamfani da na taɓa yi wa aiki a nan Legas. A bangon ofis an manna zane mai kyau: buƙata, sa hannun injiniya, ƙiyasi, amincewar manaja, oda, sannan kawo kaya. Da muka fitar da bayanan sayen kaya muka jera su bisa kwanan wata, sai ga odoji da yawa an rubuta su bayan kayan sun riga sun shiga sito. Nan take wasu suka fara zargin almundahana. Ruwa dai ba ya tsami banza, don haka na tafi wurin ginin. Ashe idan an fara zuba kankare ba a tsayawa, ga tirela maƙale a cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe, sai shugaban leburori ya ɗaga waya ya kira wani dila na kusa, oga ya amsa da saƙon murya a WhatsApp, takarda ta biyo baya. Akanta kuwa ba ya biyan rasit da ba shi da oda, shi ya sa dila ke ta sintiri. Bayanan sun nuna mana an tsallake layi, amma dalilin sai da muka tsaya cikin rana muka ji daga bakin masu aikin. Maganin kuma daga tsarawa ya fito, aka buɗe gajeriyar hanya ta sayen gaggawa mai iyakar kuɗi da sa hannu ɗaya.

Wani abu ma ya fi wannan damuna. Yaron da ke shigar da bayanai yakan tara takardun mako guda ya shigar da su ranar Juma'a da yamma. A idon manhaja, komai ranar Juma'a ya faru. Duk tsadarta, lokacin da aka ba ta shi za ta yi lissafi da shi.

Saboda haka ni a ganina, ku fara da tsarawa, amma kada ku ɗauko kamfanin gaba ɗaya. Ku ɗauki biyan masu kawo kaya kawai, tunda nan ne ciwon yake. Ku zana shi a shafi ɗaya ko biyu, kowace buƙata ta sami lamba guda da za ta bi ta har ranar biya, kuma a rubuta kowane mataki a ranar da ya faru, ko da a Excel ne. Amincewar da aka bayar ta waya ma a shigar da ita. Bayan 'yan watanni, idan layuka sun taru, sai ku gwada bin sawun da manhajar ProM, wadda aka ƙirƙira a Eindhoven kuma kyauta ce, kafin a yi maganar fitar da dala. Kada kuma a haɗa wannan da Primavera ko Microsoft Project, su jadawalin ginin kansa suke riƙewa, ba tafiyar takardu ba.

Ina roƙonka abu ɗaya. Bayanan nan suna ɗauke da sunayen ma'aikata, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ku ɓoye sunaye, ku sa muƙami a madadinsu, kuma ku gaya wa mutane tun farko cewa hanya ake dubawa. Ranar da mai sito ya ji ana farautarsa ne, zai fara gyara kwanan wata kafin ya shigar.

Idan ka samu sarari, ka turo mini kan layukan takardar Excel ɗinku kawai, ban da sunaye da kuɗi, in duba ko abubuwan nan uku suna ciki.