Sautin Game Boy: tsohuwar na'ura, Analogue Pocket ko manhaja?

Duk wanda ya taɓa riƙe Game Boy, 'yar na'urar wasan bidiyo ta hannu, ba zai manta da ɗan "ting" ɗin da take yi idan an kunna ta ba. Nintendo ce ta fito da ita a 1989, kuma muryoyi huɗu kacal gare ta: biyu masu kaifi kamar sarewa, ɗaya da mai kiɗa ke tsara wa irin amon da yake so, ta huɗu kuwa shuuu ce kawai, da ita ake kwaikwayon ganga da fashewa.

Idan kunnenka ne zai yanke hukunci, babu kamar ta asalin, wato DMG-01 mai ruwan toka da ke cin batir huɗu. Masu haɗa kiɗa da LSDj, manhajar tsara kiɗa a kan Game Boy, har gobe ita suke nema, don amonta ya fi na Game Boy Color ta 1998 kauri. Sai dai ta sha jiki. Kafin ka biya, buɗe gidan batir ka duba tsatsa, sannan ka sa iyafis ka murza abin ƙara murya a hankali. In ka ji ƙaras-ƙaras, da sauran gyara. Lasifikarta ɗaya ce, ta iyafis kaɗai ake jin yadda sautin ke rabuwa hagu da dama.

Analogue Pocket, sabuwar na'urar hannu mai buga wasannin Game Boy, ta fito a 2021, kuɗinta a lokacin wajen dala 220. Guntun FPGA da ke cikinta, wato guntun lantarki da ake iya sake tsara aikinsa, yana kwaikwayon yadda kayan cikin tsohuwar ke aiki, tana kuma karɓar kaset na asali. Sautin fes yake, amma ɗan tsakin lantarkin nan na tsohuwar babu shi, ni kuwa ina kewarsa.

Manhaja mai kwaikwayon Game Boy ce ake rainawa ba gaira ba dalili. SameBoy kyauta ce, kuma a kwamfuta har wannan tsakin tana iya saka maka. Ƙananan na'urori irin su Anbernic da Miyoo Mini su ma manhaja suke amfani da ita, galibi Gambatte, wadda ba ta da laifi. 'Yar lasifikarsu ce ke ɓata rawar da tsalle. Ka guji Bluetooth, yana jinkirta sauti har ka danna maɓalli kafin ƙarar ta iso.

Ni dai shawarata, ka fara da SameBoy da iyafis mai waya. In kiɗa za ka naɗa, sannan ka shiga neman DMG mai lafiya.