Sharhi: ƙunshin zaren Shetland da na saƙa safar hannu mai buɗaɗɗun yatsu da shi

Sanyin birnin Aberdeen na ƙasar Scotland ne ya mayar da ni saƙa. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ga iskar teku, ni kuma a tashar bas sai na cire safar hannu duk lokacin da zan taɓa waya. Shi ya sa da na ga wani ƙunshi a shagon zare, na kayan saƙa safar da ke rufe tafin hannu ta bar yatsu a waje, ban yi dogon tunani ba na saya.

A ciki akwai dunƙulen ulu huɗu na tumakin tsibiran Shetland da ke arewacin Scotland, kowane gram 25: fari, shuɗi mai duhu, ruwan toka da ruwan goro. Sai takardar bayani, da takarda mai gida-gida da mutum zai zana adonsa da kansa. Babu tsinken saƙa, na sayi masu baki biyu na milimita 2.75 daban.

Salon shi ne Fair Isle, sunan wani ɗan tsibiri tsakanin tsibiran Orkney da na Shetland. Ƙa'idarsa ɗaya ce mai sauƙin faɗa: kome yawan launin da ke jikin saƙar, zare biyu kawai ake riƙewa a kowane zagaye, wanda ba a aiki da shi yana bi ta baya. Wannan zaren na baya shi ke sa safar ta zama kamar ninki biyu, ɗumi ya ƙaru. Kuma shi ne inda aikin yake. Zagayena na farko na ja shi da ƙarfi, saƙar ta tattare har hannuna ya ƙi shiga. Na warware, na koyi baza ƙulle-ƙullen a kan tsinke kafin in ɗauko ɗaya launin.

Zaren kansa na yaba masa ƙwarai. Mu da muka koyi saƙa a gida da zaren roba mai santsi, irin na hula da safar jarirai, da farko za mu ji shi da kaushi. Amma kaushin nan ne ke sa gashinsa ya kama juna: ko tsinke ya zame, ƙulli ba ya gudu. Da na gama na jiƙa safar a ruwa mai ɗumi-ɗumi, na matse a tawul ba tare da murɗawa ba, na shimfiɗa ta bushe. Wallahi kamar ba ita ba. Duk inda ya yi tudu ya kwanta, adon ya fito sarai.

Zanen ne ya fi cin raina. Ƙulli 60 nake da su a zagaye, 30 na bayan hannu. Na so in sa dagin Arewa, sai na tarar lanƙwasarsa na barin fili mai faɗi na launi ɗaya, zaren baya ya yi tsawo, zobe ko yatsa na iya maƙalewa a ciki. Na rage shi, na cike filin da ɗige-ɗige yadda launi ɗaya ba zai wuce ƙulli biyar a jere ba. A tafin hannu kuwa ƙaramin ado na yi, fari ɗaya shuɗi ɗaya.

Abu biyu ban ji daɗinsu ba. Ruwan tokar da ruwan goron duhunsu ɗaya, idan aka haɗa su adon ɓacewa yake yi. Sai da na ɗauki hotonsu baƙi da fari na gane dalili. Sannan bayanin babban yatsa layi uku ne kacal, bai faɗi yadda za a toshe ramin da ke fitowa a gindinsa ba. Wata dattijuwa a ƙungiyar masu saƙa ce ta nuna mini in ɗebo ƙulli biyu ƙari a kowane gefe, in haɗe su a zagaye na gaba.

Mako uku na yi, ina saƙawa bayan Isha'i. Wadda ta iya saƙa da tsinke biyu za ta iya wannan, amma ba zan ba 'yar koyo shawarar ta fara da shi ba. Zaren ya yi saura, na riga na ɗora wata a tsinke, ta ƙanwata da ke Jos, kafin hunturu ya shigo.