Sayen shinkafar manoma: tsarin Indiya ko na Tailan?

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya me zai hana gwamnati ta riƙa sayen shanshera kai tsaye daga hannun manoma lokacin kaka don kada farashi ya faɗi, tunda Indiya da Tailan sun yi. Gaskiya ne sun yi, amma ba abu ɗaya suka yi ba. Ɗaya tana kai shekara sittin ke nan, ɗayar kuwa ko shekara uku ba ta cika ba.

A Indiya, tun 1965 aka kafa hukumar abinci ta FCI. Kowace shekara, wajen lokacin shuka, gwamnati na sanar da mafi ƙarancin farashin da za ta saya. A daminar 2024 rupi 2,300 ne kan kilo 100 na shanshera. Manomi ya kai kayansa kasuwar da aka ware, a auna danshi, idan ya wuce kashi 17 cikin 100 ya koma ya ƙara shanya. Gwamnati ta miƙa wa masu injin casa, su dawo mata da kimanin kilo 67 na gyararriya a kowane kilo 100. Daga nan sai shagunan rabo. Dokar wadata ƙasa da abinci ta 2013 ta ba mutum wajen miliyan 800 haƙƙin kilo biyar na hatsi kowane wata, da farko a kan ɗan kuɗi kaɗan, daga 2023 kuma kyauta. Wato tun buhu bai shiga sito ba an san bakin da zai ci shi.

Tailan kuwa alkawarin zaɓe ne. Yingluck Shinawatra ta hau mulki a 2011, a Oktoban shekarar gwamnatinta ta fara karɓar shanshera a kan baht 15,000 kowane tan, mai ƙamshin nan ta Hom Mali kuma 20,000. Farashin ya ɗara na kasuwa da kusan rabi, kuma aka ce ko ƙwaya nawa ka kawo za a karɓa. Lissafinsu shi ne, tunda Tailan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa, idan ta kulle tata a sito farashin duniya zai tashi, sai ta sayar ta mayar da kuɗinta. Ɓoye kaya ne irin na 'yan kasuwarmu, sai dai da kuɗin baitulmali.

Abin da ba su saka a lissafi ba shi ne, a watan Satumban 2011 Indiya ta ɗage takunkumin fitar da shinkafarta. Masu saye suka juya can da Biyetnam, kuma a 2012 Indiya ta ƙwace matsayi na ɗaya. Shinkafar Tailan ta taru har wajen tan miliyan 18 tana tsufa, ƙwari na ci. Da farashin ya yi daɗi, sai aka riƙa shigo da ta Kambodiya da Myanmar ta ɓarauniyar hanya ana sayar wa gwamnati a matsayin ta gida. Zuwa farkon 2014 kuɗi sun ƙare. Manoman da aka yi abin dominsu suka yi watanni riƙe da takardar shaida ba a biya su ba, har suka tare manyan hanyoyi. Sojoji suka karɓi mulki a watan Mayu. A 2017 kotu ta yanke wa Yingluck shekara biyar bayan ta bar ƙasar, ministanta na kasuwanci Boonsong Teriyapirom kuma shekara 42 kan cinikin bogi da aka ce an yi da gwamnatin Chaina. An ƙiyasta asarar ta haura baht biliyan 500.

Kada ka ɗauka na Indiya ba shi da ciwo. Wani kwamitin gwamnati ƙarƙashin Shanta Kumar ya faɗa a 2015 cewa kashi shida cikin 100 na manoma ne kawai ke sayarwa ga hukumomin sayen. Jihohi irin su Punjab da Haryana, masu kasuwanni da dillalai da hanyoyi, su suka fi cin moriyar. A Punjab ɗin ma, da yake kasuwar shinkafa da alkama tabbas ce, ga lantarkin injin ban-ruwa kyauta, manoma sun rage noman sauran amfanin gona, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ta ja da baya, kowace shekara sai an ƙara zurfin rijiya. Kuma abin da aka saba da shi ya zama da wuyar taɓawa: da gwamnatin Firayim Minista Modi ta kawo dokokin noma a 2020, manoman da ke ganin za su taɓa wannan tsarin suka yi zaman dirshan a mashigar Delhi shekara guda sai da aka janye su.

Duk da haka ni na Indiya nake gani da ma'ana, saboda farashinsa bai yi nisa da kasuwa ba, kuma shinkafar na da hanyar fita ta shagunan rabo.

A wajenmu, shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 bashi ne da aka riƙa biya da shanshera, ba sayen tabbas ba ne, don haka kada a haɗa su. Idan za a yi sayen gaske, sai an fara sanin inda za ta: ciyar da ɗalibai, barikoki, sansanonin 'yan gudun hijira, ko ajiyar da za a saki a tsakiyar damina lokacin da abinci ke tsada. A ƙayyade yawan buhunan da mutum ɗaya zai kawo, in ba haka ba dillali ne zai kwashe daga ƙananan manoma da araha ya kai da tirela. A biya cikin kwanaki, domin mai jiran kuɗin taki na noman rani ba zai iya jiran wata uku ba. Farashin kuma kada ya wuce na maƙwabta da yawa, don wanda ya san Kamba da Illela da Jibiya ya san ba a buƙatar mako guda kafin buhunan waje su fara isowa da sunan na gida.