Ajin masu jego da na halarta na wata biyu: ga abin da na gani

Tun tuni nake son in yi magana a kan wannan ajin da ake yi wa masu jego a ƙaramin asibitin da nake kai 'yata rigakafi. Zama ne sau ɗaya a sati, nas ɗaya da wata ma'aikaciyar lafiya ke jagoranta, a kan ciwon damuwa da ke kama mace bayan haihuwa. Ni dai na ba shi 4 cikin 5.

Ranar farko aka miƙo mana takarda mai tambayoyi 10, ma'aunin Edinburgh ake ce mata, tun 1987 ake aiki da ita. Duk a kan kwana bakwai da suka wuce ne, kin iya dariya, kina ɗora wa kanki laifi ba dalili, kuka ya yi miki yawa, tunanin cutar da kanki ya zo miki. Wadda ba ta iya karatu ba a gefe ake karanta mata. Wallahi ina zuwa tambayar kuka biro ya tsaya a hannuna, don a lokacin kusan kullum sai na juya wa bango fuska na yi kukana shiru kar maigida ya ji, ga ɗaki ɗaya ga yara uku ga rashin barci, kuma ni a ganina butulci ne in yi ƙorafi bayan Allah ya sauke ni lafiya.

Abin da ya fi taimaka min shi ne da nas ɗin ta raba mana abu biyu. Akwai 'yar damuwar kwanakin farko da sauyin sinadaran jiki ke kawowa, wadda kan tafi da kanta cikin sati biyu. In ta wuce haka, abinci ya fita ranki, jaririn ma ba ki jin sa a zuciya, to ciwo ne kuma yana da magani. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego na shiga irin wannan hali, a ƙasashe masu tasowa kuwa ya kusa 20. Na waiga na dubi matan da ke kan bencin nan, sai na ji kunyar ta ragu.

Darussan daga tsarin Thinking Healthy suke, wanda hukumar ta fitar a 2015 bayan an gwada shi a Pakistan, tsari ne na gyara tunani a kan abu uku: lafiyarki, shaƙuwarki da jariri, da zamanki da mutanen gida. Suna koya miki ki kama mugun tunani ki auna shi, ki musanya shi da mai amfani. Ni nawa shi ne “ban iya uwa ba”.

Inda suka gaza, ba a gayyatar mazaje, alhali su ya kamata su fara ji, don mace ba ta isa ta samu barcin rana ba in babu mai riƙe mata yaro. Sannan da safe ake yi, masu fita nema da yawa sun daina zuwa tun sati na uku, kuma babu wanda ya bi sawunsu ko da ta waya. Akwai wata da take zama kusa da ni, ba ta magana sam, sai jijjiga ɗanta take yi ko yana barci. Har yau ina duba bencin in na je awo ko zan gan ta.