Trello ko Todoist: amsa ga 'yar'uwarmu mai shagon ɗinki

Hajiya, kin ce ɗinki yana shigo miki ta WhatsApp da kuma hannu da hannu, kina da yara biyu masu taya ki, amma duk gabanin Sallah sai an samu kayan da ko yanka su ba a yi ba har mai su ta zo karɓa. Kika tambaya wanne za ki sauke a waya, Trello ko Todoist. Ni dai Trello zan ce miki, domin tambayar da kowannensu yake amsawa daban ce.

Todoist, wanda Amir Salihefendic ya fara a 2007, jerin ayyuka ne mai kwanan wata. Ki rubuta "kai wa mai aikin wuya shadda", ki sa masa Laraba, ran Laraba ya fito miki a shafin ayyukan yau, ki gama ki danna ya ɓace. Yana da sauri, kuma ya ƙware wajen abin da yake maimaituwa: kuɗin hayar shago, zubin adashe, sa wa keke mai. Sai dai ba ya gane kwanan wata da Hausa, in kin rubuta "jibi" ba zai san rana kike nufi ba, sai kin zaɓa da hannu. Na kyautarsa kuma rukunin ayyuka 5 kawai yake bayarwa.

Amma ɗinki ba abu ne da ake yi a danna an gama ba. Atamfa ɗaya sai ta bi ta awo, yanka, haɗawa, aiki ko dutse in akwai, guga, sannan jiran mai ita da cikon kuɗi. Abin da kike bukatar sani da safe shi ne: ina kayan wance suka tsaya, kuma a hannun wa? Wannan ce tambayar Trello.

Trello ya fito a 2011, kamfanin Atlassian ya saye shi a 2017. Tushensa tsarin kanban ne da Taiichi Ohno ya shimfiɗa a masana'antar motoci ta Toyota a Japan bayan yaƙin duniya na biyu, inda kati yake bin kaya daga mataki zuwa mataki. A wayarki za ki buɗe allo guda, ki yi masa layuka: An karɓa, An yanka, Ana ɗinki, Wajen mai aiki, An gama, An biya. Kowane kaya kati ɗaya. A jikin katin ki sa hoton yadin, hoton samfurin da aka turo miki, awo, kafin alƙalamin da aka bayar, da ranar alkawari. Hoton nan kada ki raina shi, don leshi biyu masu kama da juna sun isa su haɗa ki faɗa da kwastomar shekara da shekaru. In ranar ta matso alamar tana komawa ruwan ɗorawa, in ta wuce ta yi ja. Yaranki ma za ki iya sa su a allon, wadda ta gama yanka ta ja katin gaba da kanta, ba sai kin yi ta tambaya ba. Na kyauta yana ba da allo har 10, ke kuwa ɗaya ya ishe ki.

Gaskiya Todoist ma yana iya jera ayyuka kamar allo, amma ƙari ne a wurinsa, shi kuwa Trello aikinsa ke nan. Inda Trello ya gaza shi ne yana son kulawa. In aka kwana biyu ba a matsar da kati ba, allon ya fara yi miki ƙarya, kuma hotuna suna cin data. Don haka kada ki jefar da littafin awonki, shi ba ruwansa da caji ko rashin sabis.

Abin da na fi so ki ɗauka daga kanban shi ne ƙayyade aikin da ke hannu. Ki duba kaya nawa ku ukun kuke iya kammalawa a mako, ki ninka shi da yawan makonnin da suka rage kafin Sallah. In katunan layin "An karɓa" sun kai wannan adadin, ki rufe karɓa, ko da ƙawar amarya ce ta zo da magiya. Manhajar ba za ta hana ki ba, amma za ki ga tulin da idonki kafin ki ce "kawo".

In kuma yaran ba su da manyan wayoyi, ki zana layukan nan shida a jikin katako ko bangon shago, ki yanki ƙyallen kowane yadi ki liƙa da takarda mai suna da rana. Cikon kuɗi kuma ki bi shi da alamomin WhatsApp Business, ki sa wa hirar kowace kwastoma ta "saura biya" ko ta "an biya".